Taƙaitaccen Tarihin Yaƙi da Cin Zarafin Mata a Wuraren Aiki a Amurka

1.0 Gabatarwa

A watan Yunin 1974 wata mata mai suna Carmita Wood ta ajiye aikinta a Jami'ar Cornell da ke garin Ithaca, a jihar New York ta ƙasar Amurka. Mace ce mai 'ya'ya huɗu, ta kuma yi shekara takwas tana aiki a sashen nazarin kimiyyar nukiliya na jami'ar, har ta kai matsayin mai kula da harkokin ofis. Kamar yadda ta bayyana daga baya, wani babban malami ne a sashen ya dame ta da taɓe-taɓe da nuna rashin kunya a gabanta, har ta kai ga ta daina shiga na'urar hawa bene, sai dai ta bi matakala don kada su haɗu. Ta nemi a sauya mata wurin aiki, ba a yi ba. Da ciwon wuya da na hannu suka matsa mata, sai ta haƙura da aikin. Da ta je neman kuɗin tallafin da gwamnati kan ba wanda ya rasa aiki, jami'in ya tambaye ta dalilin barin aikinta. Ta rasa ta cewa, daga ƙarshe ta ce dalili ne na ƙashin kanta. Da wannan amsa aka hana ta kuɗin, domin a ƙa'ida wanda ya bar aiki don raɗin kansa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ba shi da rabo a wannan tallafi.

Wannan maƙala za ta bibiyi abin da ya biyo bayan wannan lamari cikin kimanin shekara hamsin. Tambayoyi biyu ne Amurkawa suka yi ta jayayya a kansu a tsawon wannan lokaci. Ta farko ita ce, mene ne sunan abin da aka yi wa wannan mata a gaban doka? Ta biyu kuwa ita ce, wa ke da alhakin hana shi da kuma ɗaukar mataki idan ya auku? Za mu ga yadda nauyin ya riƙa tashi a hankali daga kan matar da aka cuta, yana komawa kan mai ɗaukar aiki, wato kamfani ko hukumar da ke biyan albashi.

2.0 Dokar 1964 da Hukuncin Kotunan Farko

Takura wa mace da neman lalata a wurin da take neman abinci tsohon abu ne a Amurka. Bayi mata sun sha shi a hannun iyayen gijinsu kafin a soke bauta a 1865, haka ma 'yan aikin gida da ma'aikatan masaƙu bayan wannan lokaci. Shawarar da akan ba mace ba ta wuce biyu ba: ko ta yi haƙuri, ko ta nemi wani aikin.

A ranar 2 ga Yulin 1964 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan Dokar 'Yancin Jama'a. Babbar manufar dokar ita ce kawar da wariyar da ake nuna wa baƙar fata. Sashe na bakwai na dokar ya hana mai ɗaukar aiki nuna bambanci saboda launin fata, ko addini, ko asalin ƙasa, ko jinsi. Kalmar jinsi ba ta cikin daftarin farko. Wani ɗan majalisa daga jihar Virginia mai suna Howard Smith, wanda yake adawa da dokar baki ɗaya, shi ya kawo shawarar a ƙara ta ana dab da kaɗa ƙuri'a. Dokar ta kuma kafa hukumar tabbatar da daidaito wajen aiki, wadda ake taƙaita sunanta da EEOC, ta fara aiki a 1965.

Sai dai babu inda dokar ta ambaci neman lalata. Saboda haka matan farko da suka kai ƙara da ita sun dawo hannu rabbana. A 1974 wata kotun tarayya a Washinton ta kori ƙarar Paulette Barnes, ma'aikaciyar hukumar kare muhalli, wadda aka soke muƙaminta bayan ta ƙi amincewa da buƙatar shugabanta. Alƙalin ya ce ba don kasancewarta mace aka yi mata haka ba, don ta ƙi shugaban nata ne, wannan kuwa saɓani ne tsakanin mutum biyu. A 1975 wani alƙali a jihar Arizona ya kori ƙarar wasu mata biyu da suka bar aiki a kamfanin Bausch and Lomb saboda shugabansu. A ganinsa, halin mutumin ne kawai da son zuciyarsa, kamfani bai sa shi ba, bai kuma amfana ba. Ya ƙara da cewa idan aka buɗe wannan ƙofa, duk ranar da wani ma'aikaci ya nuna yana son wata sai an je kotu. Ke nan a wannan zamani amsar tambayoyin nan biyu ita ce, abin ba shi da suna a doka, kuma babu ruwan kamfani.

3.0 Raɗin Suna a 1975

Bayan an hana ta kuɗin tallafi, Carmita Wood ta nemi taimakon wasu mata uku da ke aiki a wani shiri na Jami'ar Cornell, wato Lin Farley da Susan Meyer da Karen Sauvigné. Lin Farley tana koyar da darasi a kan mata da aiki, kuma ta riga ta lura cewa yawancin ɗalibanta mata suna da labari irin wannan: ko an kore su daga wani aiki, ko sun gudu da ƙafarsu, saboda wani namiji. Kowacce kuwa tana zaton ita kaɗai abin ya sama.

Matan suka yanke shawarar shirya taro inda mata za su fito su faɗi abin da ya same su. Matsalar ita ce me za a rubuta a takardar gayyata. Sun gwada kalmomi masu ma'anar tilastawa da tsoratarwa da ci da gumi, suka ga kowacce ta yi kaɗan, domin ba ta haɗa da ƙananan abubuwan da ake maimaitawa kullum ba, kamar kallon ƙurilla da maganar batsa da gogar jiki da sunan kuskure. Daga ƙarshe suka tsaya a kan "sexual harassment", wanda kafafen yaɗa labarai na Hausa kan fassara da cin zarafi ta hanyar lalata. Amfanin wannan suna shi ne ya tattara babba da ƙarami a ƙarƙashin inuwa ɗaya, ya kuma nuna cewa abu ne da ake yi wa mutum ba da son ransa ba.

An yi taron a Ithaca ranar 4 ga Mayun 1975, mata kusan 275 suka halarta. A watan Agustan wannan shekara jaridar New York Times ta buga labari da sabon sunan a kanunsa, wasu jaridu suka ɗauka. A 1976 mujallar mata ta Redbook ta raba takardar tambayoyi ga masu karanta ta, mata kimanin 9,000 suka amsa, kusan tara cikin goma suka ce sun gamu da irin wannan a wurin aiki. Waɗanda suka ga dama ne suka amsa, saboda haka ba za a ɗauki adadin a matsayin ma'aunin ƙasa baki ɗaya ba, amma ya isa ya nuna cewa lamarin ya wuce halin mutum ɗaya ko biyu. Ita dai Carmita Wood ta ɗaukaka ƙara a kan kuɗin tallafinta, ba ta yi nasara ba.

4.0 Kotuna Sun Sake Tunani

A 1976 Alƙali Charles Richey na kotun tarayya a Washinton ya yanke hukunci a ƙarar Diane Williams, wadda aka kora daga Ma'aikatar Shari'a bayan ta ƙi shugabanta. Ya ce shugaban ya gindaya wa mace sharaɗin da bai gindaya wa namiji ba, wannan kuwa shi ne nuna bambancin jinsi da dokar 1964 ta hana. Wannan ne karon farko da wata kotun tarayya ta faɗi haka. A 1977 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin da aka yi wa Paulette Barnes. Alƙali Spottswood Robinson, wanda tsohon lauyan kare haƙƙin baƙar fata ne, ya bayyana cewa da ba mace ba ce da shugaban bai neme ta ba tun farko. Yana da kyau mai karatu ya lura cewa Barnes da Williams, da ma wasu matan da za mu ambata a gaba, baƙar fata ne. Sun taso a zamanin gwagwarmayar neman 'yanci, sun kuma san kai ƙara kotu a matsayin makami.

A 1979 wata masaniyar shari'a mai suna Catharine MacKinnon ta wallafa littafi a kan batun, inda ta raba shi gida biyu. Na farko shi ne ba-ni-in-ba-ki, wato shugaba ya ce sai an biya masa buƙata kafin a sami aiki ko ƙarin girma, ko kuma a tsira daga kora. Na biyu shi ne a mayar da wurin aiki wurin ƙunci ta hanyar batsa da taɓe-taɓe da wulaƙanci, ko da ba a taɓa albashin mace ko muƙaminta ba. Kotuna sun fi saurin fahimtar na farko, domin akwai asarar da za a iya ƙirgawa.

A watan Nuwambar 1980 hukumar EEOC, a ƙarƙashin shugabancin Eleanor Holmes Norton, ta fitar da ƙa'idoji waɗanda suka ɗauki nau'o'in biyu a matsayin saɓa wa doka. Ƙa'idojin sun kuma bayyana cewa hana aukuwar abin shi ne babban makami, abin da Hausawa ke nufi da rigakafi ya fi magani. Sun shawarci mai ɗaukar aiki da ya tayar da maganar da kansa a gaban ma'aikatansa, ya nuna bai yarda ba, ya tanadi hukunci, ya kuma sanar da su hanyar kai kuka. Sai dai ƙa'idar hukuma ba ta da ƙarfin doka, saboda haka kowa ya zuba ido ya ga abin da Kotun Ƙoli za ta ce.

5.0 Shari'ar Mechelle Vinson

Mechelle Vinson tana da shekara 19 lokacin da aka ɗauke ta koyon aikin karɓa da biyan kuɗi a wani banki a Washinton a 1974. Ta yi ta samun ƙarin girma saboda ƙwazonta. An sallame ta a 1978, ta kuma kai ƙarar bankin da manajan reshen. Ta shaida wa kotu cewa manajan ya matsa mata har ta amince da shi don tsoron rasa aikinta, cewa yakan taɓa ta a gaban sauran ma'aikata, kuma ya yi mata fyaɗe fiye da sau ɗaya. Manajan ya musanta duka. A 1980 kotun farko ta ce ko da wani abu ya shiga tsakaninsu, da yardarta ne, kuma bankin ba shi da laifi tun da ba ta taɓa kai kuka ba.

Ranar 19 ga Yunin 1986 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai tara duka bakinsu ɗaya, Alƙali William Rehnquist ne ya rubuta. Abubuwa uku suka fito daga wannan hukunci. Na ɗaya, mayar da wurin aiki wurin ƙunci saɓa wa dokar 1964 ne, muddin abin ya yi tsanani ko ya yawaita, ko da mace ba ta yi asarar ko kwabo ba. Na biyu, abin da kotu za ta bincika shi ne ko matar ta yi maraba da abin da ake yi mata. Cewa ta miƙa wuya bai wadatar ba, domin mai tsoron kora yakan yarda da abin da ransa ba ya so. Na uku ya shafi bankin. Bankin ya kafa hujja da cewa yana da tsarin karɓar koke, ita ce ba ta bi ba. Kotu ta duba tsarin, ta ga bai ambaci neman lalata ba ko kaɗan, ga shi kuma ya ce ma'aikaci ya fara kai kukansa wurin shugabansa na kusa. A wurin Vinson, wannan shugaba shi ne wanda take kuka da shi, wato an ba kura ajiyar nama. Kotu ta ce irin wannan tsari ba ya wanke kamfani.

Duk da haka hukuncin ya bar baya da ƙura. Kotun ta yarda a kawo shaida a kan irin tufafin da mai ƙara ke sawa da irin maganganunta, abin da ya ba lauyoyin kamfanoni damar juya shari'a ta koma binciken halin matar. Haka kuma ba ta fayyace lokacin da kamfani zai ɗauki laifin manajansa ba. Ita Vinson sai a 1991 aka sasanta da ita a wajen kotu, shekara 13 bayan ta shigar da ƙara.

6.0 Shekarar 1991

A 1991 Shugaba George Bush na farko ya zaɓi Clarence Thomas ya zama alƙalin Kotun Ƙoli. Thomas ya shugabanci hukumar EEOC daga 1982 zuwa 1990. Ranar 11 ga Oktoba wata malamar shari'a a Jami'ar Oklahoma mai suna Anita Hill, wadda ta yi aiki a ƙarƙashinsa a farkon shekarun 1980, ta bayyana a gaban kwamitin shari'a na Majalisar Dattawa. Ta ce ya riƙa nemanta yana yi mata maganganun batsa a ofis. Thomas ya musanta da kakkausar murya. Kwamitin na da mutum 14, dukkansu maza, Sanata Joe Biden ne shugabansa, kuma an nuna zaman kai tsaye a talabijin. Majalisar ta tabbatar da Thomas da ƙuri'a 52, masu adawa 48.

Ba kotu ba ce, ba a kuma tabbatar da laifin kowa ba, amma miliyoyin mutane sun ji ana tattauna batun a fili. Tambayar da aka yi ta yi wa Hill, wato me ya sa ba ta yi magana tun lokacin ba, ita ce tambayar da mata da yawa suka san amsarta. Tsakanin 1991 da 1996 yawan ƙorafin da ake kaiwa a kan wannan laifi ya ninka fiye da sau biyu.

Wani dalilin ƙaruwar shi ne sabuwar dokar da Shugaba Bush ya sa wa hannu a watan Nuwambar 1991, bayan ya ƙi sa hannu a kan makamanciyarta a 1990. Kafin wannan lokaci, abin da mai ƙara ke samu shi ne albashin da ta yi asara da mayar da ita aiki. Wadda ta daure ta zauna a aikinta ba ta da abin karɓa ko da ta yi nasara. Sabuwar dokar ta ba da damar biyan diyya, daga iyakar dalar Amurka 50,000 ga ƙananan kamfanoni zuwa 300,000 ga manya. A wannan shekarar ce kuma kotu ta amince matan da ke aikin haƙar tama a Eveleth ta jihar Minnesota, ƙarƙashin jagorancin Lois Jenson, su haɗa ƙararsu wuri ɗaya. Shari'ar ta ƙare a 1998 da sasantawa a kan dala miliyan 3.5 ga mata 15. Daga nan masu kamfanoni suka gane cewa kawar da kai yana da tsada.

7.0 Alhaki Ya Koma Kan Mai Ɗaukar Aiki

A 1998 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci uku masu muhimmanci. A watan Maris ta duba ƙarar Joseph Oncale, wani ma'aikacin haƙar mai a teku wanda abokan aikinsa maza suka ci wa zarafi, ta ce dokar ta kare namiji kamar yadda ta kare mace, ko da mai laifin jinsinsu ɗaya. Ranar 26 ga Yuni kuma ta yanke hukunci a ƙarar Beth Ann Faragher da ta Kimberly Ellerth, inda ta cike giɓin da ta bari a 1986.

Faragher ta yi aikin ceton masu iyo a bakin teku a ƙarƙashin hukumar birnin Boca Raton na jihar Florida daga 1985 zuwa 1990. Birnin yana da rubutacciyar ƙa'ida da ta hana cin zarafi tun 1986, amma ba a taɓa kai ta ga ma'aikatan bakin teku ba, har shugabanninsu ma ba su san da ita ba. Kotu ta ɗora wa birnin alhaki. Diyyar da aka ce birnin ya biya ta dala ɗaya ce tak, amma ƙa'idar da ta fito daga shari'ar ta shafi kowane wurin aiki a ƙasar.

Ga yadda ƙa'idar take. Idan shugaba ya kori ma'aikaci, ko ya rage masa girma, ko ya hana shi wani haƙƙi a sanadiyyar cin zarafin, kamfani ne da alhaki, babu wata kariya. Idan kuwa ba a kai ga haka ba, kamfani zai iya kuɓuta in ya tabbatar da abu biyu: cewa ya ɗauki matakin da ya dace don hana abin da kuma gyara shi cikin gaggawa, da cewa ma'aikacin ya ƙi bin hanyar da aka tanadar masa ba tare da dalili ba. Cikin 'yan shekaru rubutacciyar ƙa'ida da ofishin karɓar koke da horar da ma'aikata suka zama ruwan dare a manyan kamfanonin Amurka.

8.0 Abin da Takarda ba ta Magance ba

Sabon tsarin ya zo da tasa illar. Tun da abin da ke wanke kamfani a kotu shi ne ya nuna yana da ƙa'ida, wasu sai suka mai da hankali ga takarda da sa hannu, suka bar ainihin gyaran. A 2016 wani kwamiti na hukumar EEOC ƙarƙashin Chai Feldblum da Victoria Lipnic ya ba da rahoton cewa kimanin uku cikin huɗu na waɗanda aka ci wa zarafi ba su taɓa faɗa wa wani shugaba ko wakilin ƙungiyar ƙwadago ba. Dalilansu sun haɗa da tsoron a ƙaryata su, ko a ɗora musu laifi, ko a rama. Tsoron ramuwa ba zato ba ne kawai, domin a 2010 ƙorafin ramuwar gayya ya zarce kowane irin ƙorafi da hukumar ta karɓa. Rahoton ya kuma ce yawancin horon da aka yi shekara 30 ana bayarwa bai hana komai ba, saboda an tsara shi ne don kare kamfani daga shari'a.

A watan Oktobar 2017 jaridu suka bankaɗo zarge-zargen da mata da yawa suka yi wa Harvey Weinstein, wani hamshaƙin mai shirya finafinai. An gano cewa shekara da shekaru ana biyan wasu daga cikinsu kuɗi bisa sharaɗin su yi shiru. Daga nan miliyoyin mata suka riƙa ba da labarinsu a ƙarƙashin taken MeToo, wato ni ma haka, wanda Tarana Burke ta fara amfani da shi tun 2006. Majalisar Amurka ta mayar da martani da dokoki biyu a 2022. Ta farko ta hana tilasta wa mai irin wannan ƙorafi zuwa sulhun sirri maimakon kotu. Ta biyu ta hana amfani da yarjejeniyar yin shiru da aka sa ma'aikaci ya sa wa hannu tun kafin wani abu ya faru. Akwai kuma wani giɓin da ya fi waɗannan girma: sashe na bakwai na dokar 1964 bai shafi wurin aikin da ke da ƙasa da ma'aikata 15 ba, don haka yawancin 'yan aikin gida da ma'aikatan ƙananan shaguna suna wajensa.

9.0 Bazuwar Ra'ayin Zuwa Wasu Ƙasashe

Ra'ayin ɗora wa mai ɗaukar aiki alhaki bai tsaya a Amurka ba, wasu ƙasashen ma sun kai gare shi ta tasu hanyar. A Indiya, wasu maza sun yi wa Bhanwari Devi, ma'aikaciyar wani shirin gwamnatin jihar Rajasthan, fyaɗe a 1992 saboda ta yi ƙoƙarin hana a ɗaura wa jaririya aure, aikin da gwamnati ce ta sa ta. Ƙungiyoyin mata suka kai maganar Kotun Ƙoli, wadda a 1997 ta wajabta wa kowane wurin aiki kafa kwamitin karɓar koke, mace ta shugabance shi, a kuma sa wani daga waje a ciki. An mayar da wannan doka a 2013.

A yankinmu, Nijar ta shigar da laifin cikin kundin hukunta laifuka a 2003, da ɗaurin wata uku zuwa shida da tarar sefa 10,000 zuwa 100,000, hukuncin kuma ya ƙaru idan mai laifin yana da iko a kan wadda ya cuta. Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ce idan ma'aikaci ya bar aiki saboda ya yi ta kai kukan cin zarafi mai ɗaukar aiki bai yi komai ba, to, za a ɗauka an sallame shi ne ba bisa adalci ba. Kamaru ta sa laifin a sabon kundinta na 2016.

Ranar 21 ga Yunin 2019 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan, ta kuma fara aiki a 2021. Yarjejeniyar ta haɗa duk wani nau'in tashin hankali da tsangwama a duniyar aiki, ta kuma shafi masu koyon sana'a da masu neman aiki da masu aikin da ba shi da rajista, har da abin da ya auku a hanyar zuwa aiki. Namibiya ce ta fara tabbatar da ita a Afirka a 2020, Najeriya kuma ta bi sahu a 2022.

10.0 Kammalawa

Daga shari'o'in da muka gani za a iya tsamo abin da ke sa tsarin kariya ya yi aiki. Dole ƙa'ida ta isa ga kowane ma'aikaci, kada ta tsaya a cikin durowa kamar ta Boca Raton. Dole a sami ƙofar kai kuka fiye da ɗaya, don kada mai kuka ta faɗa hannun wanda take kuka da shi kamar Vinson. Mai bincike kada ya kasance a ƙarƙashin wanda ake zargi, ya kuma saurari ɓangarorin biyu, domin wanda ake zargi shi ma yana da haƙƙin a ji ta bakinsa. Sannan a kare mai kuka da shaidunta daga ramuwa, in ba haka ba kowa zai ja bakinsa ya yi shiru.

Ga ɗalibin harshe akwai wani abin lura. Carmita Wood ta rasa haƙƙinta ne a lokacin da ba ta da kalmar da za ta faɗa wa jami'in da ya tambaye ta. A Hausa muna da cin zarafi da tsangwama da muzgunawa da neman lalata, kowacce da iyakar ma'anarta, kuma masu fassara dokoki da labarai ba su tsaya a kan guda ɗaya ba. 'Yar aikin gida ko mai koyon ɗinki da ba ta jin Faransanci ko Ingilishi, da Hausa za ta kai kukanta, da Hausa kuma za a karanta mata abin da doka ta ce. Tantance waɗannan kalmomi da daidaita amfani da su aiki ne da ya rataya a wuyan masu nazarin harshen.